Dada Ba Ta Tsaya a Bayan Ɗanta Ba

Mu duka na Allah ne, wurinsa kuma kowa zai koma. Dada, mahaifiyarmu, ta riga mu, da hantsin wata Talata cikin daminar nan, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba.

Kafin a gama suturta ta, layinmu ya toshe. 'Yan keke mai ƙafa uku ne suka fara zuwa. Suka jera kekunansu tun daga bakin titi har ƙofar gida, mai ɗauke da tabarma ma sai ya karkace yake wucewa. Wani dogo a cikinsu, wanda Dada ta fi zagi a duk Jalingo, ya tsuguna a zaure yana kuka kamar ita ta haife shi. Cewa yake yi, "Yanzu wa zai ce mini ɗan banza in ji daɗi?"

Sai ga matan gangaren unguwarmu, 'yan zumuntar coci, da zannuwansu iri ɗaya. Shugabarsu ta raɗa wa Goggo, yayar mahaifinmu, ko za su iya rera waƙa guda. Goggo ta ce a yi haƙuri, ba a yi a gidan nan. Ba su ji haushi ba. Suka sauke doyar da suka zo da ita, suka ƙwace madafa daga hannunmu, ba su ƙara bari mun taɓa ko ludayi ba. Masu kifin garin Mutum Biyu kuwa sai bayan an dawo daga maƙabarta suka iso, tufafinsu na ƙaurin hayaƙi. Babbarsu ta tsaya a tsakar gida tana yi wa Dada faɗa, wai don me za ta tafi ba ta jira ta ba, sannan ta zube ta fashe da kuka.

Amma duk wanda ya yi wa Hamma gaisuwa, sai ya ɗan ƙara kallonsa kafin ya tashi. Hamma shi ne babban wanmu. Kowa a unguwa ya san cewa tun zaɓen kwamitin unguwa da ya wuce, tsakaninsa da Dada ba daidai ba. Abin da ke cikin idon mutane tambaya ce ɗaya: sun shirya kafin ta cika, ko haka ta tafi?

Ni ce auta, ni kuma na kasa zama. In tashi in leƙa zaure, in dawo, in gyara takalman baƙi, in sake tashi. Har Goggo ta ce, "Ke, zaman makoki ake yi, ba yawon makoki ba!" To ina na ga ta zama? Tambayar nan ni na san amsarta, kuma in ban faɗa ba, nan da 'yan shekaru abin da za a riƙa tunawa kawai shi ne wata tsohuwa ta kunyata ɗanta a filin makaranta. Wallahi ba zan yarda Dada ta zama wannan labarin kaɗai ba.

Dada ba ta san zama ba. Tun mahaifinmu na da rai take saro kifi banda daga Mutum Biyu tana kawowa kasuwa, da ya rasu kuma da kifin ta riƙe mu. A saman kwanduna take zama a bayan akori-kura, gyale ɗaure a ƙugu, tana yi wa direba ihu idan ya faɗa rami. In ka kawo mata labari, kowane iri ne, ba ta cewa gaskiya ne ko ƙarya. Takalmi take jawowa ta ce, "Mu je mu gani." An ce rijiyar masallaci ta ƙafe, mu je mu gani. An ce matar wane ta yi yaji, mu je mu gani. Mun sha jin kunya da wannan hali, domin ba ta damu ko an gayyace ta ba.

Da aka hana acaɓa a gari keke ya zama ƙafar kowa, sai Dada ta samu abokan faɗa. In mai keke ya cusa mutum a gefensa, sai ta ce ya tsaya, ita ba buhun masara ba ce. In ya yi gudu, ta dungure masa ƙeya. Amma ranar kasuwa da yamma, duk kifin da ya farfashe a gindin kwando nasu ne, tana ƙulla musu a leda tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya.

Unguwarmu, can bayan unguwar Turaki, kashi biyu ce. Akwai tudu inda muke, kusa da titi da shaguna. Akwai gangare, inda yawanci manoma ne, Mumuye da Jukun da sauransu. Tsakani akwai kwari, wanda da rani yara ke tsallakewa, da damina kuwa ruwa ya cinye hanyar. Keke ba ya sauka gangare idan ruwa ya kankama. Wata rana Dada ta hau keken dogon nan ta ce gangare za ta. Ya ce, "Haba Dada, kin san ba na zuwa." Ta ce to ita ma ba ta sauka. Ta gyara zama, ta fito da goro. Fasinja suka zo suka wuce, ya roƙa, ya rantse, ya kira mutane su ba ta haƙuri. Da ya gaji ya kai ta har bakin kwarin, taya ta nutse, suka tura tare. Ya ce, "To wurin wa kika zo?" Ta ce, "Ba kowa. So nake in ga ko ƙarya kuke yi." Ta dawo gida da taɓo har gwiwa, ta ce ashe yaran da gaskiyarsu.

Wata safiya kuma, bayan ruwan da ya kwana yana zuba, aka ce ga wata matar gangare can an ɗauko ta a baro tana naƙuda, keke na jira a wannan ƙetaren, ruwa ya hana su haurowa. Mun je mun gani. Haihuwar ba ta jira ruwa ya janye ba. Dada ta kutsa cikin kwarin, ta haye, ta kwance zaninta na sama ta ba mata biyu suka kare, ta kori maza da tsawa. A nan bakin kwari aka haifi yarinyar, a kan ciyawa. Allah ya sa uwa da 'ya suka rayu. Da Dada ta dawo, abincin rana ma ba ta ci ba.

Hamma ɗan farinta ne. A gidanmu, kamar sauran gidajen Fulanin gari, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane. Dada kuwa ta kai abin ƙarshe: ko magana ba ta yi masa kai tsaye. A hannun Goggo ya tashi. "Wancan" take ce masa. Tun da na iya magana ni ce 'yar aike a tsakaninsu. Yana tsugune a gabanta za ta ce, "Auta, tambayi wancan ko ya ci abinci." Shi ma ya ce, "Auta, ce mata na ci." Ranar ɗaurin aurensa gidan maƙwabta ta gudu ta wuni. Amma kifin da ya fi kowane kyau a kwando ba ya zuwa kasuwa. Sai ta naɗe shi ta ce, "Kai wa Goggonku," alhali kowa ya san cikin wa zai shiga. Da ya yi aure aka koma cewa, "Kai wa matar wancan."

To sai zaɓen kwamitin unguwa ya zo. Gudummawar da aka tara aiki ɗaya kawai za ta iya, aka ce duk wanda ya ci shugabanci aikinsa za a yi. Hamma, mai shagon kayan gyaran keke, ya fito. Shi tashar keke yake so a bakin titi, da rumfa da benci, a kuma zuba tsakuwa a layin tudu. Wanda ya kara da shi wani manomin doya ne daga gangare, dattijon coci, kowa Dattijo yake ce masa. Shi kwalbati yake so a kan kwarin, a gyara hanya keke ya riƙa sauka.

Masu baki suka ce Hamma cinikin shagonsa yake nema. Ƙarya suke yi, ni shaida ce. Gwiwoyin Dada sun fara ba ta wahala, kullum yana hango ta daga shago tana tsaye a rana da kwando tana jiran keke. Shi ya ce mini, "Auta, so nake ta samu inda za ta zauna." Na kai mata maganar da murnata. Ta ci gaba da tsintar kifinta, ta ce, "Wa ya ce masa na gaji?"

Zaɓenmu ƙato bayan ƙato ne. Ba akwati, ba ɓoye-ɓoye. Ɗan takara ya tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna kowa na kallon kowa. Ranar Asabar aka taru a filin makarantar firamare. Hamma ya sha farar babbar riga, 'yan keke da masu shaguna sun cika bayansa, mu mata muna daga ƙarshe. Layin Dattijo bai kai namu ba, domin da yawa daga mutanensa sun tafi gona. Ba wanda ya sa ran ganin Dada. Matar da ta guje wa bikin ɗanta, me zai kawo ta taronsa?

Sai ga ta, tana ɗingishi, gyale a ƙugu. Aka fara guɗa a layinmu, wai yau Dada ta ajiye kunya. Na ga Hamma ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ta zo daidai shi. Ta wuce. Ta ratsa filin nan ita kaɗai, ta je ta tsaya a bayan Dattijo.

Dattijo ya waiwayo a ruɗe, ya ce da Hausarsa, "Mama, kai ka ɓata hanya ne? Layin yaronka yana can."

Ta ce, "Idona ƙalau, Dattijo. Juya ka kalli gabanka."

Guɗa ta mutu. Sai wata mai kifi ta zare jiki daga layinmu ta bi ta, wata ma ta bi. Matan da suka ga haihuwar bakin kwari suka bi. Har dogon mai keke, da ya san yadda tayarsa ta nutse, ya sosa ƙeya ya tafi. Ni na tsaya a bayan Hamma, ina jin haushinta har wuya. Aka ƙirga, Dattijo ya ci. Hamma ya je ya ba shi hannu, ya naɗe rigarsa a kafaɗa, ya fita ba tare da ya kalli kowa ba.

Kafin la'asar gari ya samo wa abin suna. Aka ce ai filako ne, kunyar ɗan fari ce. Wace Bafulatana ce za ta tsaya a bayan ɗan farinta a bainar jama'a? Da wannan maganar Hamma ya iya buɗe shago washegari, da ita yake amsa masu zolaya. Da Dada ta yi shiru, da an wuce wurin. Ina! A kasuwa wata ta yaba mata, ta ce irin kunyarsu ta mutanen da ta ƙare. Dada ta ɗaga murya yadda har masu tumatir suka ji, ta ce, "Wace kunya? Hanya na zaɓa."

Maganar ta riga ta isa gida. Da na kai kifin makon, Hamma ya ce in mayar. Dada ta karɓi ƙullin nan. Ta miƙa wa 'yan keke, ko zagin ba ta iya haɗa musu da shi ba.

Bappa, ƙanin mahaifinmu, ya zo sulhu wurin Dada, wadda yake ce wa Adda, wato yaya. Ya ce, "Adda, yaron nan ba kujera yake kuka ba. Ki ce kunya ce, shi ke nan. Ko a ɗaki ne ki faɗa, auta ta kai masa." Dada ta ce, "Ka taɓa jin na aiki yarinyar nan da ƙarya?" Bappa ya ce taurin kai ne. Ta ce ya sha ruwa kafin ya tafi. Ni ma na yi mata nawa faɗan. Na ce, "Dada, kalma ɗaya fa! Me za ta rage ki da shi?" Ta ce in ɗauko mata man zafi.

Hamma bai yanke zumunci ba, kada a yi masa ƙazafi. Hatsi na zuwa, magani na zuwa. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan tsuguna a bakin zaure ya ce in gaishe ta, amma ya daina shiga tsakar gida, ya daina cin abincin gidan. Aka yi kwalbati, mata na ɗauko yashi a ka, Dada na tsaye a kansu, ga kujera an kawo mata amma ba ta taɓa zama a kai ba. Hanyar dai har yau ba ta gama gyaruwa ba, 'yan keke na sauka suna ƙunƙuni, amma suna sauka. Bakin titi kuwa ba rumfa. Ruwa ya sha dukan Dada a wurin. In Hamma ya hango ta, sai ya turo mai keke ya ce kada a faɗa mata wanda ya aiko. Ita kuma ta hau ba ta tambaya. Kai, ban taɓa ganin mutum biyu masu hali ɗaya irinsu ba, ni ce dai na sha wuya a tsakani.

Da ciwon ya tashi daga gwiwa ya koma ƙirji, ta kwanta, sai tsoro ya kama ni. Wa'adin kwamiti ya kusa cika, mutane sun fara zuwa wurin Hamma ya sake fitowa, shi kuwa ya ce ba zai ƙara tsayawa a filin nan ba har abada. Ni ba zaɓen ne ya dame ni ba. Gani nake za ta tafi ta bar shi da wannan abu a ƙirji, ya tsufa yana zaton uwarsa ba ta taɓa son sa ba.

Juma'ar ƙarshe, da ya tsuguna a zaure, na ce, "Hamma, yau ba na kai saƙo daga nan. In kana da gaisuwa, taso." Ya miƙe ya biyo ni har ɗakinta, ya cire takalmi. Ya rakuɓe a bakin ƙofa. Dada ta juya fuska bango, ta ja mayafi.

Bayan gaisuwa ya ce, "Auta, tambaye ta. Ranar nan, kunya ce ko?"

Muryarsa roƙo take yi. Na matsa kusa da ita ina addu'a a zuci, Allah ka sa ta ce e, ko sau ɗaya a rayuwarta ta yi ƙarya.

Ta ce, "Ce masa ba kunya ba ce. Da kunya ce, da a gida na zauna."

Ban maimaita ba, ai ya ji. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya juya zai fita. Sai na ji gado ya motsa. Dada ta juyo, ta yaye mayafin, ta dube shi ido cikin ido.

Ta ce, "Kai. Dawo ka zauna."

Na waiwaya in ga da wa take. Shi ma ya waiwaya.

Ta ce, "Da kai nake. Da ɗan wani ne, ina ruwana, ya yi rumfarsa. Amma kai? A ce matan gangare na haihuwa a kan ciyawa, kai kuma ka yi wa uwarka benci? Duk wadda ruwan nan ya ci, da sunanka za a riƙa faɗa, har gaban Allah. Layinka ya cika da masu son ka, ba mai iya hana ka. Ni na haife ka, ni zan hana ka."

Numfashinta ya sarƙe, na kawo ruwa. Ta ture kofin, ta ce, "Ke kuma me kike jira? Fita ki ba mu wuri."

Tun ina 'yar mitsitsiya nake ɗaukar magana tsakanin mutanen nan biyu, ranar aka sallame ni. Na fito tsakar gida na rasa inda zan sa kaina. Na share inda ba datti, na kwashe shanyar da ba ta bushe ba. Ba na jin abin da suke cewa, sai dai muryoyi biyu, wannan ta yi, wannan ta amsa, har aka kira la'asar.

Zuwa Talata ta cika, kanta a kan cinyarsa. Allah ya jiƙan Dada, ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata mata makwanci, ya saka mata da alherin da ta yi wa na tudu da na gangare. Mu da ta bari, Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Abin da suka tattauna bayan fitata Hamma bai gaya mini ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga fitowarsa. Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya har da jika, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya kasa saka takalminsa. Na durƙusa na juya masa su. Ya dube ni, idanunsa jawur.

Ya ce, "Auta, ashe haka kike ji kullum, in ta dube ki ta yi miki magana?"